Ostiyariyus da Cocin da Ba Shi da Ƙofa

Ranar da Okwudili ya diro daga motar katako a bakin kasuwar Amaokpu, bayan shekara da shekaru a Panya, tsibirin da Turawan Sifen suka mulka, sai da ya sake tambayar direba ko ya tabbata nan ne. An sare ƙatuwar bishiyar da ake ɗaure awaki a gindinta, an kafa injin niƙan rogo a wurin, yana ta tari kamar tsohon mashayin taba. Rafin da suka yi wanka suna yara an yi masa gada, gadar ta karye, mutane sun koma tsallakawa da ƙafa suna shanya wanki a kan ƙarafanta. Tsohuwa mai ƙosai ta mutu, 'yarta ta gaji kaskon, ta gaji baƙar maganar. Makaranta ta samu rufin kwano, hedimasta ya samu tumbi. Cocin jinka da aka yi masa baftisma a ciki ya rushe, an ɗaga wani na bulo a kan tudu. Nkoli kuwa, 'yar Mazi Udenze, wadda ya bari da majina tana tallar gyaɗa, ta zama mace har da keken ɗinkinta, idan ta wuce sai maza su manta abin da suke faɗa.

Duk wannan bai tsaya masa a rai ba kamar sa'o'insa. Kowa ya yi sunan kirari. Obiajulu, wanda ya yi ta fitsarin kwance har ya fara gemu, yanzu yana da babbar mota, idan ya shigo taro sai a tashi a ce, “Giwa mai taka kwalta!” Shi kuwa Okwudili sai a ce, “Dili, ka dawo? Matsa can.”

Abin da ya dawo da shi daga Panya bai wuce kwali ɗaya ba, da baƙar kwat, da lema mai karyayyen haƙarƙari, da wani ƙaton mabuɗin ƙarfe da ya manta a aljihu ranar da aka kwaso su a jirgin ruwa. Da wannan dukiya ya tashi ya nufi gidan Mazi Udenze, shugaban dattawan coci, mai jar hula, domin ya nemi izinin kawo tulun bammi na neman auren Nkoli.

Mazi ya fasa goro, ya yi addu'a mai tsawo, ya tauna, sannan ya dube shi.

“Ɗana, 'yata ba za ta auri mutumin da za a kira da sunan yanka kawai ba, kamar ɗan makaranta. Idan ka shiga taro, me ake ce maka?”

Okwudili ya gyara wuyan kwat, ya zaro mabuɗin ya ajiye a kan tebur.

“Ostiyariyus.”

“Allah ya sawwaƙe. Ka je asibiti?”

“Ba ciwo ba ne, Mazi, sarauta ce. Kalmar Latin ce, ta girmi kakan kakanka. A zamanin da, bishop da hannunsa yake miƙa wa mutum mabuɗan coci, ya naɗa shi mai tsaron ƙofa. Shi ke kaɗa ƙararrawa, shi ke buɗe wa masu tsarki, ya rufe wa marasa tsarki. Fada kansa, limamin coci, ba ya shiga sai ya yarda.”

A nan bai yi ƙarya ba, haka kalmar take nufi. Abin da ya ɓoye shi ne, wani tsohon Fada ɗan Sifen ne ya riƙa kiransa da ita a gidan mishan na Panya, duk lokacin da ya same shi yana barci a bakin get.

“Wato mai gadi,” in ji Mazi.

“Haba Mazi! Mai gadi ɓarayi yake kora. Ni zunubi nake kora.”

Daga cikin ɗaki keken ɗinki ya tsaya. Muryar Nkoli ta fito: “Baba, tambaye shi ko sarautar tana zuwa da gonar doya.”

Mazi ya ɗaga mabuɗin ya auna nauyinsa. Shi mutum ne mai son manyan kalmomi, kuma babu dattijo a duk yankin da ke da suruki mai suna cikin Latin.

“To ga abin da za a yi. Ranar Lahadin Dabino Monsinyo zai zo daga birni, shi ne babba a kan Fadanmu. Idan na ji da kunnena ya kira ka da wannan suna a gaban jama'a, ka kawo tulunka. Idan ban ji ba, ka kai wa Obiajulu ya wanke taya.”

Washegari Okwudili ya sami Fada Anozie a tsugune yana goge filogin babur ɗinsa.

“Ostiyariyus?” Fada ya ɗago kai. “A wane kabari ka tono wannan? Roma ma ta soke muƙamin, ba a daɗe ba.”

“Labarin bai iso Amaokpu ba, Fada.”

“Ka leƙa cocin kuwa tun da ka dawo?”

Suka hau tudun tare. Coci ne babba, ga rufi, ga bagade, ga bencina. Ga ƙaton baki a gaba, ga wasu biyu a gefe, ga tagogi a jere. Amma babu ƙyaure ko ɗaya. Kafinta ya auna, ya tafi Aba sayen katako, aka ce ya yi aure a can. Akuyoyi suna kwance a inuwar bagade suna tuƙa.

“Ga masarautarka nan,” in ji Fada. “Ka kore mini awakin nan, ka kira kanka abin da ka ga dama.”

Kafin la'asar duk gari ya ji cewa Fada ya naɗa shi, kuma ya yi hawaye wajen naɗin.

Ranar Lahadi tun da sanyin safiya ya tsaya a tsakiyar babban bakin cocin, cikin kwat, mabuɗi a wuya, lema a hannu kamar sandar girma. Wadda ta fara zuwa Mama Mgbafo ce, uwarsa.

“Tsaya. Yaushe rabonki da zuwa ikirarin zunubi wurin Fada?”

“Dili, ni kake tambaya?”

“A nan ba ni da uwa. Jiya na ji ki kina zagin kazar maƙwabta.”

“To yau za ka ji na zagi abin da na haifa. Matsa, kai mai kan gwanda!”

Ta sa gwiwar hannu ta ture shi ta wuce. Ya ce a ransa wannan ta gida ce, ba a lissafa ta. Sai ga mai sayar da bammi. Okwudili ya gitta lema.

“Kai kana ƙara ruwa a bammi. Koma.”

“Kai ma ka sha jiya, ka ce ya yi daɗi.”

“Bincike nake yi.”

Mutumin ya yi dariya, ya taka zuwa gefe, ya ɗaga ƙafa ya shiga ta taga. Sauran da suka gani ba su ma tsaya gardama ba. Mata suka bi ta bakin hagu, maza ta dama, 'yan mawaƙa suka riƙa miƙa ganguna ta tagogi. Okwudili ya ruga hagu, aka shiga ta dama. Ya ruga dama, aka shige ta gaba. Da Fada ya fara sujada coci ya cika maƙil, mutum ɗaya ne kawai a waje, yana haki, ya riƙe wata akuya ta ƙafar baya.

Obiajulu ya leƙo ta taga. “Ranka ya daɗe Osti! Wannan ita ce mai zunubin?”

Okwudili ya kwana biyu yana tunani, ya gano inda matsalar take: babu wanda zai girmama mai tsaron ƙofar da babu ita. Da uwarsa ta tafi kasuwa sai ya cire ƙyauren gidansu, wanda kakansa ya sa aka sassaƙa da icen loko, mai zanen ƙadangaru da wata, mai nauyin saniya. Ya ɗora a amalanke, amalanken ya ƙwace a gangare, ya bi ta cikin shanyar garin rogon matar hedimasta, ya tsaya a jikin kejin kajinta. Sai da ya yi mata alkawarin wurin zama kusa da bagade har abada kafin ta sake masa kwat.

Aka kafa ƙyauren a tsakiyar babban bakin cocin, tsakanin turaku biyu. Sai dai kakansa gajeren mutum ne, cocin kuwa an gina shi domin taro. Ƙyauren ya tsaya shi kaɗai kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho, ta kowane gefensa mace mai ɗauke da kwando za ta wuce ba ta goga ba. Lahadi ta zagayo, jama'a suka rabu biyu suna zagaye shi. Masu kirki kan ƙwanƙwasa da yatsa in sun zo wucewa.

Nkoli ta tsaya, ta dubi ƙyauren, ta dube shi.

“Dili, ciki ne nan ko waje?”

“Waje. Sai na buɗe kike ciki.”

Ta taka ta gefe, ta juyo. “Yanzu fa?”

“A wurin Allah har yanzu kina waje.”

“To ka gaya masa ina benci na gaba, in yana nemana.”

Mama Mgbafo kuwa ta rataya tabarma a bakin gidanta, ta ce duk akuyar da ta ci mata doya, daga naman ɗanta za a rama.

Mako mai zuwa shi ne Lahadin Dabino, ranar da ake shiga coci da ganyen kwakwa a hannu, saboda haka Okwudili ya tuɓe kwat. Ya kwaɓa jar ƙasa, ya cike gibin da ke gefen ƙyauren dama da hagu har sama, ya shafe da hannu. Sannan ya koma wurin Fada da sabuwar shawara: a dawo da al'adar da. Jama'a su taru a filin makaranta da ganyensu, su taho da waƙa, su tarar da coci a rufe. Mai ɗauke da gicciye ya ƙwanƙwasa da gindin sandarsa, sai mai tsaron ƙofa ya buɗe daga ciki, a shiga da murna. Fada ya tuna ya ga haka yana yaro, kuma ya san Monsinyo na son abubuwan da. Ya ce to.

Saura bakuna biyu na gefe da tagogi. Ƙasa ta ƙare, ƙarfinsa ma ya ƙare. Yana zaune yana kallon bishiyoyin kwakwar manja sai dabara ta faɗo masa, har ya tashi ya yi rawa shi kaɗai. Omu! Ɗanyen tohon nan mai ruwan ɗorawa da ke tsakiyar kan kwakwa. Duk inda aka gitta shi, a bakin gona ko a bakin rijiya, babu ɗan Amaokpu da zai tsallaka, ko da wuta na binsa a baya.

Ya hau kwakwa da igiyar aro. Shekarun Panya sun cinye masa gwanintar hawa, ya sauko da sauri fiye da yadda ya yi niyya, ƙaiƙayi har cikin kunne. Ya koma kan ƙananan bishiyoyi ya yanko dami guda. Ranar Asabar da yamma ya bi taga taga, baki baki, yana gitta omu yana ƙullewa. Don ya ƙara masa ƙarfi, a kan kowane ƙulli ya taɓa ƙasa da yatsa, ya faɗi abin da ya ji kakansa na faɗa a bakin gona: duk wanda ya tsinka ko ya tsallaka, ƙasa ta hana shi doya, ta kumbura masa ciki.

Safiyar Lahadi aka tashi da ruwan farko na shekara, ya zuba ya ɗauke, hadari bai watse ba. Monsinyo ya iso cikin mota, mutum ne mai jiki, mai jar ɗamara, kowane taku sai ya huta. Aka tsarkake ganye a filin makaranta. Obiajulu ya ɗauki gicciye, Monsinyo da Fada a bayansa, Mazi Udenze na riƙe wa baƙo lema, sai dattawa, sai ƙungiyar matan coci cikin zane iri ɗaya, sai sauran gari. Suka hau tudu da waƙa.

A ciki, Okwudili ya rufe ƙyauren, ya gyara kwat, ya tsaya. Bai lura akwai baƙar akuya a ƙarƙashin benci ba.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

“Wane ne?” in ji shi, da murya mai kauri.

“Uwarka ce,” in ji Obiajulu ƙasa-ƙasa. “Buɗe, gicciyen nan da nauyi.”

“Masu tsarki ne ko marasa tsarki?”

“Okwudili,” in ji Fada, “buɗe.”

Okwudili ya kama mariƙi da yatsu biyu, cikin isa, ya ja. Shiru. Ya sa hannu biyu. Ya kafa ƙafa a bango ya ja har ɗinkin kwat ya yage a baya. Ƙasar da ya kwaɓa ta sha ruwa, ta zauna, ta danne ƙyauren ta kowane gefe kamar an dasa shi.

'Yan mawaƙa suka kai ƙarshen waƙa, suka dubi juna, suka sake ɗaukowa daga farko.

“Me ake jira?” in ji Monsinyo.

“Cikin al'adar ne, Monsinyo,” in ji murya daga ciki. “A Panya sai an daɗe.”

“Sa mabuɗinka mana, Osti!” in ji Obiajulu.

“Ƙyauren ba shi da ramin mabuɗi!”

Nan sama ta sake ɓarkewa, ba irin na safe ba, ruwa kamar ana juye randa. Taro ya watse, kowa ya ruga taga mafi kusa yadda aka saba. Na gaba suka ja birki, na baya suka faɗo musu.

“Omu!”

“Nan ma omu!”

“Wane mara mutunci ne ya ɗaure coci?”

Okwudili ya leƙo ta taga, omu a gitte a gaban hancinsa. “Kada kowa ya firgita, ni ne. Tsari ne.”

“To kwance!”

Ya ɗaga hannu, ya tsaya, ya mayar da shi aljihu. “Na riga na taɓa ƙasa.”

Mata suka ɗora hannu a ka. Mama Mgbafo ta zauna daɓas a cikin taɓo. “Shekara nawa a ƙasar Turawa, abin da ya riƙe ke nan! Karatu bai zauna ba, tsinuwar kakansa ta zauna!”

Fada Anozie ya miƙa wa wani littafinsa, ya naɗe hannun riga. “Kiristoci ne ku ko me? Ganye ne fa! Irinsa ne a hannunku!” Ya nufi taga. Bai kai ba matan coci suka riƙe masa riga ta baya, su wajen goma.

“Na hannunmu an yi masa addu'a, wancan an yi masa baki!”

“Fada, kai in an tashi babur za ka hau. Mu a ƙasar nan muka binne irin doya!”

Monsinyo ya yi gyaran murya. Ya ce abin kunya ne, camfi ne, kuma yau zai kawo ƙarshensa. Aka buɗe masa hanya. Ya taka har gaban taga, ruwa na bin jar ɗamararsa, ya ɗaga hannu. Hannun ya tsaya a sama. Shi ma ɗan ƙasar ne, uwarsa na da gona a ƙauyen da ke bayan rafi. Ya dafa kafaɗa, ya yamutsa fuska.

“Sanyin ƙashi,” ya ce. “Da an yi ruwa sai ya tashi.”

Ana cikin haka baƙar akuyar nan ta fito daga ƙarƙashin benci, ta miƙe, ta ɗora ƙafafun gaba a kan wata taga, ta kama omu da baki. Kowa ya zuba mata ido. Ta fara tauna.

“Akuya ba ta da gona,” in ji hedimasta a hankali. “In ita ta cinye, babu laifin kowa.”

“Ci, 'yar albarka!”

“Ci, uwata, ci!”

Mai bammi ya fara tafi, 'yan mawaƙa suka ɗauki ganga. Saura ƙiris ƙullin ya tsinke, sai Okwudili ya waiwayo ya ga akuya a cikin coci, a gaban Monsinyo, a ranar da ake duba aikinsa. Bai yi wata-wata ba, ya ɗaga lema ya bi ta da gudu.

“Kir! Fita! Mara tsarki!”

“Bar ta! Dili, bar ta!”

Akuya ta saki ganyen, ta zagaya bagade, ta yi tsalle ta wata tagar ta bi daji. Okwudili ya dawo yana haki, ya rusuna wa Monsinyo ta taga. “An kore ta, ranka ya daɗe.”

Wani takalmi ya shigo ta saman omu ya same shi a goshi. Na uwarsa ne.

Babu yadda za a yi, sai a kira Ezeani, tsohon da ke kula da tsafin ƙasa, wanda shi kaɗai ke kwance omu da aka taɓa wa ƙasa. Dattawa suka yi ta tura juna, a ƙarshe Mazi Udenze ya tafi da kansa. Aka daɗe. Can sai ga tsohon yana tahowa a hankali ƙarƙashin ganyen ayaba, da jakar fatar akuya, fuskarsa kamar ta ango.

“Tun ina da haƙora Fada na farko ya ce wata rana zan zo coci da ƙafata,” ya ce. “Ashe gaskiya ya faɗa. Ina kujera?”

Aka kawo kujerar da aka tanadar wa Monsinyo a filin makaranta. Ya zauna. Ya nemi goro, aka ba shi, ya fasa ya yi addu'ar da ta fi ta Mazi tsawo, har da roƙa wa Monsinyo sauƙin kafaɗa. Ya nemi farin zakara. Babu mai farin zakara kusa sai matar hedimasta, ta kawo tana kallon Okwudili da ido ɗaya. Sannan tsohon ya bi taga taga yana kwancewa, ba ya sauri, a kan kowace sai ya tsaya ya yaba ƙullin.

“Wa ya ɗaura wannan? Hannun kakansa sak. Yaro, kana ɓata kanka a nan. In kana neman aiki, ni na tsufa.”

Bakunan gefe ya bari a ƙarshe, ya ce sai ya huta. Ruwa kuwa bai huta ba, don haka aka shiga ta tagogi. Monsinyo ya sa ƙafa ɗaya, tsakiyarsa ta tsaya. Mazi Udenze da Obiajulu suka sa kafaɗa ta baya, Fada na ja ta gaba, matan coci na ba da umarni. Ya faɗo ciki da ƙara kamar an cire murfin tulu. Daidai lokacin da na ƙarshe ya shigo, jar ƙasar da ke riƙe da ƙyauren ta gaji. Ta zube gaba ɗaya, ƙyauren ya yi tangaɗi, ya kwanta ta waje, a kan sabon keken Mazi da ke jingine a bakin matakala.

Aka yi sujada a jiƙe. Da Monsinyo ya hau wa'azi, ya ajiye abin da ya shirya.

“Ina wanda ya rufe ƙofa? Tashi. An ce kana kiran kanka Ostiyariyus.”

Okwudili ya miƙe, ya dubi Mazi, ya nuna kunnensa.

“Jama'a, Ostiyariyus shi ne mai tsaron ƙofar coci a zamanin da. Da na ji Roma ta soke muƙamin, na yi baƙin ciki, har na ce sun yi gaggawa. Yau na nemi gafararsu. Zauna, Ostiyariyus.”

Coci ya kwashe da dariya har 'yan ganga suka buga. Okwudili bai ji dariyar ba, ya ji sunan ne kawai. Da yamma ya ɗinke kwat, ya ɗauki tulun bammi a ka, ya nufi gidan Mazi. Ya tarar da shi a tsakar gida, ya tasa keken a gaba, tayar ta lanƙwashe kamar faifai.

“Mazi, ka ji da kunnenka. Har maimaitawa ya yi.”

“Na ji, ɗana. Ni ba na ta da magana. Na ce ka kawo tulu, ka kawo. Ajiye nan.”

Ya ajiye. Mazi ya shiga ɗaki, ya fito da ɗanyen omu, ya ɗaura a wuyan tulun, ya ƙulle tam, ya sunkuya ya taɓa ƙasa da yatsa.

“Ranar da wani daga gidan nan ya sha, ka zo ka ɗauki matarka.”

“Zan kira Ezeani!”

“Kira shi. Na riga na aika masa da zakara biyu, ya ce kafaɗarsa na ciwo.”

Washegari da hantsi Okwudili na tsakar gidan uwarsa yana ɗaure kwali da igiya. Motar Onitsha na tashi kafin azahar. Mama Mgbafo na dakan sakwara, ta riga ta ƙunsa masa busasshen kifi a ganye ta tura cikin kwalin da ƙafa. Nkoli ta ɗaga tabarmar bakin gida ta shigo, ta ce ta zo karɓar ɗinkin Mama, ta tsaya tana kallon yadda yake ƙulli.

“Sai ina kuma?”

“Inda aka san darajar mutum. Garin nan ya yi mini kaɗan, Nkoli. Kin san tsaron ƙofa matakin farko ne kawai? Tsohon Fadan nan ya ce akwai na sama da shi. Akwai mai karatu, akwai mai riƙe kyandir. Akwai kuma mai korar aljanu.”

“Kai wanne za ka nema?”

“Karatu na da wuya, kyandir na ƙona hannu.” Ya ɗaga kwalin ya ɗora a ka. “An ce a Onitsha aljanu har a kasuwa suke ciniki. Za ki jira ni?”

Nkoli ta dube shi daga sama har ƙasa, ta gyara masa kwalin da ya karkace.

“Mama,” ta ce, “akwai wanda muka sani a Onitsha? A aika a gaya wa aljanun nan su kwashe 'ya'yansu.”